Muzurun maƙwabciya na cinye mini tattabaru, ta ce ba nata ba ne: wa ke da alhaki?

Mai Tattabaru:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema tun kafin rai ya ɓaci. Ina kiwon tattabaru a bayan ɗakin mahaifiyata a Garkawa, da su nake biyan kuɗin koyon ɗinki. Tun shigowar sanyi wani muzuru ke hauro katanga da dare. Da ƴan shila ya fara, yanzu har iyayen yake kamawa a kan ƙwai. Na gan shi da idona, kuma kowa a layinmu ya san gidan da yake kwana. Na je na durƙusa na gaida matar gidan, don sa'ar uwata ce, na faɗa mata. Ta ce ita ba ta da muzuru, na gari ne, Allah ya kawo shi, tana dai zuba masa abinci saboda lada. Amma a kan buhunan hatsinta yake kwana, jikokinta har suna suka sa masa. Shin a addini da doka akwai mai alhakin abin da mage ta ɓata, ko haƙuri ne kawai nawa?

Ɗan Kabu-kabu:
Wa alaikumus salam. Abokina kada ka wahalar da kanka. Ba ita ta ce ba nata ba ne? Ka sayi maganin ɓera ka barbaɗa a kan kifi ka ajiye a bakin akurki. Abin da ba shi da mai shi, ba mai zuwa tambayarka.

Hajiya ta Bilbis:
Subhanallahi. Kai ɗana, wagga magana ba ta dace da bakin Musulmi ba. Guba ba ta san muzuru ba. Kazar wani na iya ci, yaro mai rarrafe na iya ɗauka ya kai baki, su kansu tattabarun suna iya tsattsaga. Kuma ka taɓa ganin mussar da ta ci maganin ɓera? Ni na gani. Tana birgima tana kumfa, ba mai iya yi mata komi. Mai Tattabaru, kada ka bi wagga shawara ko da wasa.

Ɗalibar Shari'a:
Yaya Mai Tattabaru, ina karatun shari'a a jami'ar Djibo Hamani ta nan Tahoua, kuma tambayarka tana da amsa a rubuce. Kundin dokokin zaman jama'a da kotunan Nijar ke aiki da shi, wanda muka gada daga na Faransa na 1804, yana da aya ta 1385 da ta keɓanta da dabba. Abin da ta ƙunsa shi ne, mai dabba, ko wanda yake amfani da ita a lokacin, shi ke ɗaukar ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa, ko ta ɓace masa, ko ta tsere. Ayar ba ta ware saniya ko raƙumi ba. Dabba ta ce, kuma mage na ciki.

Abin da ya sa ayar ke da ƙarfi, ba sai ka nuna mai dabbar ya yi sakaci ba. Naka shi ne ka nuna wannan dabbar ce ta yi ɓarnar, kuma tana ƙarƙashin ikon wane. Daga nan shi ne zai nemi mafita, misali ya nuna cewa wanda aka yi wa ɓarnar shi ya jawo wa kansa.

To sai maganar "na gari ne". Gaskiya ce, wanda ya jefa wa magen titi ƙashi jefi-jefi bai zama mai ita ba. Alƙali yana duba wa ke amfana da dabbar, wa ke da iko a kanta, wa zai iya tsare ta in ya so. Muzurun da ke kwana a ɗakin ajiyarka, yana kore maka ɓera, yana cin abincinka kullum, ƴaƴan gidan suna kiransa da suna yana zuwa, da wuya ka tsaya gaban alƙali ka ce ba ka san shi ba. Ba a cin moriyarsa da rana a ce na gari ne da dare.

Game da guba kuma, ranar da muzurun ya mutu, ranar za ka ji an ce na gidan ne. Sai magana ta juya kanka, domin aya ta 1382 ta wannan kundin ta ɗora wa duk wanda ya cutar da wani da laifinsa biyan diyya. Ga kuma dokar kiwo mai lamba 2004-048 ta 30 ga Yuni 2004, wadda ta hana azabtar da dabbobin gida. Kai da ke da gaskiya sai ka koma mai laifi.

Ɗan Kabu-kabu:
Ƙanwata na ji bayaninki kuma na janye maganar maganin. Amma fisabilillahi wa zai kai sa'ar uwarsa kotu a kan tattabara? Kuɗin zirga-zirga kaɗai sun fi kuɗin tsuntsayen, ga kuma gaba har jikoki.

Ɗalibar Shari'a:
Ban ce ya kai ta kotu ba, yaya. Sanin cewa doka na bayanka shi ke sa ka yi magana a natse. Hanya ita ce ta mai unguwa. Dokar 2015 da ta tsara sarautar gargajiya a Nijar ta ba sarakuna da masu unguwanni ikon sasanta mutane a irin waɗannan rigingimu, kuma ana iya rubuta abin da aka daidaita a kai. Kafin mai unguwa ma, mahaifiyarsa ta je da kanta ko a tura wani dattijo na layin. Maganar da yaro ya kai wa babba daban, wadda sa'a ta kai wa sa'arta daban.

Malam na Zaure:
Assalamu alaikum. Allah ya yi wa ɗiyar nan albarka, bayaninta bai saɓa wa abin da ke cikin littattafanmu ba.

Mage dabba ce mai matsayi a gidan Musulmi. A cikin Muwaɗɗa Malik akwai hadisin Abu Ƙatada, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-da-kawo a tsakaninmu. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. In yunwa ta kai mace ga wuta, ina ga wanda ya zuba guba da gangan? Ɗana mai kabu-kabu, na ji daɗi da ka janye.

Amma mutanenmu sun riƙe rabin karatun sun bar rabi. Sun san ciyarwa lada ce, sun manta maƙwabci ma yana da haƙƙi. A Muwaɗɗa ɗin dai akwai hukuncin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna. Aka hukunta cewa masu gonaki su tsare gonakinsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana kan masu dabbobin. Malaman fiƙihu da suka zo kan mage sun bambanta tsakanin wadda ba a san ta da ɓarna ba da wadda ta saba cin tsuntsayen mutane. Wadda ta saba, aka kuma sanar da mai ita bai ɗauki mataki ba, to lamuni ya hau kansa. Kai ka riga ka sanar. Daga ranar da ka durƙusa ka faɗa mata, uzurin rashin sani ya ƙare.

Sai dai ina maka nasiha da abu guda. In ta amsa cewa nata ne kuma ta yarda za ta tsare shi, ka yafe abin da ya wuce in kana da hali. Abin da kake nema shi ne ɓarnar ta tsaya.

Hajiya ta Bilbis:
Allah gafarta Malam, na ji, amma ku bari in faɗi ta bakin tsohuwar, tunda ba ta nan. Mussa ba akuya ba ce da za ka kafa mata turke. Tun muna ɗiya ƙanana a ƙauye kowane gida da mussarsa, ita ke tsaron rumbu, ba wanda ya taɓa rufe ta. Shekarar da ɓera ya yi yawa, gidan da ba ta nan hatsinsu rabi ke kai bazara. Kuma mai kiwon tsuntsu shi ma shina da nashi aiki. Akurkin da muzuru ke shiga, maciji ma shina shiga, tunku ma haka. In an kawar da wanga muzuru gobe wani zai zo.

Likitan Dabbobi:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan akurki, kuma wannan shi ne abin da za a fara gyarawa tun yau. Ƙanena, ka sa raga mai ƙananan ido a duk wata kafa, har da sama, ka yi ƙofa mai sakata, ka ɗaga tukwanen ƙwai daga jikin katanga. Mage na bi ta duk ramin da kanta ya shiga.

Inda na bambanta da Hajiya shi ne cewa ba a iya tsare mage. Ba a ɗaure ta da igiya, wannan haka ne, tana iya shaƙe kanta ma. Amma ana iya saba mata da kwanan ɗaki. Farautarta ta fi ƙarfi da magariba da kuma goshin asuba. In aka mayar da babban abincinta ya zama na bayan magariba, aka zuba a cikin ɗakin ajiya aka ja ƙofa, da ruwa da kwanon yashi a ciki, kwana kaɗan za ta saba. A nan ma ɓeran yake, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ba tare da an taɓa na maƙwabci ba.

Sai abincin kansa. Mutane na cewa kada a ƙosar da mage don ta kama ɓera. Wannan kuskure ne. Farauta a jininta take, ko ta ƙoshi tana yi. Yunwa ba ta ƙara mata ƙwarewa, nisan yawo take ƙara mata, shi ke kai ta gidan wasu. Kuma ita maciyar nama ce ta asali, tuwo da ragowar fura ba su riƙe ta. Kan kifi dafaffe, kayan cikin kaza, ragowar nama daga wurin mahauta, waɗannan ne abincinta. A guji miya mai albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini. Madarar shanu kuma zawo take sa yawancin manyansu.

Mai Tattabaru:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Raga zan saya ran Lahadi in an ci kasuwa. Na karanta wa mahaifiyata abin da Malam ya rubuta, ta ce ita za ta shiga gidan da kanta bayan la'asar, kuma za ta kai maganar kwanan ɗakin.

Maman Nana:
Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda likita na kusa. Da safen nan kyanwar gidanmu ta ciji ɗana a hannu, ya ja mata wutsiya. Haƙora biyu ne suka shiga, jini kaɗan ya fito. Kakarsa ta shafa masa toka ta ce ba komai, ai ba kare ba ne. Kyanwar tana fita waje, kuma ba a taɓa yi mata allura ba. In bar shi haka?

Ma'aikaciyar Jinya:
Maman Nana, kada ki bar shi. Yanzu-yanzu ki wanke tokar, ki sa sabulu da ruwa mai yawa, wani na zuba miki da buta kina wankewa, har minti 15 cur. Ki duba agogo, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. In akwai betadin, maganin wanke rauni, ki shafa. Kada a ɗaure wurin tamau, kada a sa barkono ko man zafi ko ganye. Sannan ki kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, mafi kusa yau ɗin nan, ki gaya musu kyanwar ba ta da rigakafi kuma tana yawo.

Dalili shi ne ciwon haukan kare. Sunan ne ke ruɗin mutane. Gaskiya ne kusan duk masu kamuwa daga kare suke samu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin 100. Amma mage na ɗauka daga cizon kare ko wata dabba, ta kuma ba mutum ta yawunta, ko da cizo ko da yakushi, tunda tana lasar faratanta. Ana ƙiyasta ciwon na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Yara ne saboda su ke wasa da dabba, kuma su ke ɓoye cizo don tsoron faɗa.

Mugun halinsa shi ne yana kwanciya shiru. Galibi wata 2 zuwa 3 kafin ya nuna, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ciwon hannun ya warke, kowa ya manta. Ranar da alamu suka fito, zazzaɓi, firgita, tsoron ruwa, to magani ya ƙare, kusan ba mai tashi. Allurar da aka fara kafin alamu kuwa tana karewa sosai. Ana yin ta kashi-kashi a ranaku daban-daban, kuma dole a cika.

Ko ba wannan ba, haƙorin mage siriri ne, yana kai ƙwayoyin cuta can ciki sai bakin ya rufe. Hannu na iya kumbura cikin kwana ɗaya. Za su duba maganar allurar tetanus ma.

Likitan Dabbobi:
Ki bi abin da malamar asibiti ta ce. Nawa ɓangaren kyanwar ne. Kada a kashe ta, kada a kore ta, domin ita ce shaidarku. A rufe ta a ɗaki ita kaɗai da abinci da ruwa, yara su nisance ta, a sa mata ido kwana 10. Ki sanar da ma'aikatar kiwo su zo su gan ta. In ta cika kwanakin tana ci tana sha lafiya, to ba ta ɗauke da ciwon a yawunta ranar da ta yi cizon, kuma likitan yaron ne zai yanke ko a tsayar da allurar. Ba a jira kwana 10 kafin a fara, tare ake tafiya da su.

In kuwa ta canza hali, ta daina ci, yawu na zuba, tana kai cizo ga komai, ko ƙafafun baya suka mutu, ko ta mutu gaba ɗaya, kada a taɓa da hannu tsirara, kada a jefar a bola. Ma'aikatan kiwo ke ɗaukar kan a aika gwaji, kuma babban ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LABOCEL, yana Yamai.

Duk wannan tashin hankalin allura guda ke rage shi. Ana yi wa mage rigakafin tun tana wata 3, a maimaita bayan shekara, a ci gaba yadda likita ya rubuta, a kuma adana takardar.

Maman Nana:
Mun wanke, babansa ya tafi neman adaidaita. Kyanwar na rufe ta a ɗakin girki na baya. Allah ya saka da alheri.

Malamin Lakwal:
Allah ya ba yaro lafiya. Amma ina da magana, kuma ba don raina kowa ba. A ajina akwai yaran da ke zuwa ba su karya ba. Akwai ƙauyukan da uwa ke tafiyar sa'o'i kafin ta kai jariri rigakafi. A irin wannan hali mu zauna muna tsara wa mage takardar allura da kan kifi? Ina tsoron mu ɗauko damuwar masu ƙoshi mu ɗora wa talaka, har ya ji kamar ya yi laifi don yana da kyanwa.

Likitan Dabbobi:
Malam, damuwarka a wurinta take, amma dubi wanda aka ciza yau. Ɗan talaka ne ke kwana ƙasa ɗaya da mage, shi ke ja mata wutsiya. Allurar mage sau ɗaya ce a shekara. Ta mutumin da aka ciza zuwa uku ne ko huɗu, kowane zuwa da kuɗinsa, na ƙauye kuma da kuɗin mota da barin aiki. Rigakafin dabbar shi ne mai arha, kuma don yaron ake yin sa. Gangamin rigakafi na kyauta da gwamnati ke yi kowace shekara na shanu ne da awaki da tumaki da raƙuma, saboda haka mai mage shi ne zai tashi ya nema. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895, shi da ya fara yi wa mutum allurar a 1885. Shekara fiye da 130 ke nan da samun maganin, bai kamata a ce har yau muna binne yara saboda shi ba.

Ɗalibar Shari'a:
In ƙara wa Malam abu guda. Da ɗan maƙwabta kyanwar ta ciza, ayar nan ta 1385 ce za ta hau kan masu gidan, har da kuɗin magani. Wanda ya ajiye dabba ya ajiye nauyinta, ko mai kuɗi ne ko talaka.

Yaya na Faransa:
Gaisuwa ga mutanen gida. Ina bin muhawarar nan daga inda nake aiki. A nan duk magen da ta wuce wata 7 dole a yi mata shaida, yawanci ɗan ƙaramin maɓalli ne kamar ƙwayar shinkafa da ake sawa a ƙarƙashin fata, da sunan mai ita a rajista. Kafin ka karɓi mage sai ka sa hannu a takardar cewa ka san buƙatunta, ka jira kwana 7. Dokar 30 ga Nuwamba 2021 ta kai hukuncin yasar da dabba zuwa ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000, kusan miliyan 30 na sefa ke nan. Dabbar da ta ciji mutum kuma sai an kai ta wurin likita sau uku cikin kwana 15. Ingila ma ta wajabta maɓallin tun 10 ga Yuni 2024, kafin kyanwa ta kai mako 20, da tarar da ke iya kai fam 500. Ban kawo wannan don a kwafa ba. Abin da na lura shi ne, duk dokokin nan ƙofa ɗaya suke toshewa, wato kada wani ya ce "ba tawa ba ce".

Malamin Lakwal:
To a nan muna tare. Maɓalli da na'urar karanta shi ba namu ba ne yanzu. A unguwanninmu kowa ya san magen kowa, shaidar maƙwabta ta isa. Abin da ya rage shi ne mutum ya amsa da bakinsa.

Amaryar Wadata:
Ni tawa matsalar haihuwa ce. Kyanwata ba ta hutawa, kafin a rabar da waɗannan ta sake ɗaukar wani cikin. Mutane na ce min in zuba su a buhu a kai bakin kasuwa ko a jefa tabki, ni kuwa zuciyata ba ta iyawa. Ga shi ina da juna biyu, uwar mijina ta ce a fitar da ita gaba ɗaya, wai gashin mage na ɓarar da ciki.

Ma'aikaciyar Jinya:
Amarya, Allah ya raba lafiya. Maganar Inna tana da tushe, amma ba gashi ba ne. Akwai wata ƙwayar cuta da ke fita ta kashin mage, wadda in mai ciki ta kamu da ita karon farko tana iya taɓa jariri. Kashin ba ya zama mai haɗari sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa. Saboda haka a riƙa kwashewa kullum, kuma wani ya kwashe ba ke ba. Ki wanke hannu bayan taɓa ƙasa ko yashi, a rufe yashin da yara ke wasa a ciki. Ki sani kuma ana ɗaukar wannan cuta ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, ko babu mage a gidan. Tsire mai ja a ciki da salatin da aka ɗauraye sama-sama sun fi shafa bayan kyanwa haɗari. Ki faɗa wa ungozoma a wurin awo, ki kuma yi wa Inna bayani a hankali, don tsoron jikanta ne ya sa ta faɗa.

Likitan Dabbobi:
Cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne. Tana iya ɗauka tun tana wata 5 ko ma 4, ta haihu sau biyu ko uku a shekara, kowace haihuwa ƴaƴa huɗu ko kusa da haka. Ba gidan da zai iya riƙe wannan. Ƴaƴan da ake zubarwa a kasuwa yawancinsu mutuwa suke da yunwa da ƙishirwa, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Waɗanda suka rayu su ne magen gari da ba mai yi musu allura, su ke faɗa da karnuka a bola, su ke hauro katangu. Muzurun da ake kuka da shi yau, wani ne ya yar da shi jiya.

Maganin da ke ɗorewa shi ne tiyata. Namiji a fiɗiye shi, aiki ne na mintoci, yana rage yawo da faɗa da fitsarin ɗoyi, kuma ba ya hana shi kama ɓera. Mace a cire mata mahaifa da ƙwai. Duka ana sa musu maganin barci, ba irin dandaƙar bunsuru ba ce, kada kowa ya gwada a gida. Ki tambayi ma'aikatar kiwo ko likitocin dabbobi masu zaman kansu wanda ke yin aikin. Ki guji allurar hana haihuwa ta mata da wasu ke yi wa mage, tana kawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono. Ƴaƴan da ke hannu kuma a bar su su sha nono har mako 8 kafin a bayar, kuma a ba wanda ya nema da kansa.

Hajiya ta Bilbis:
Likita, nan hankalina bai kwanta ba. Allah ya halicce ta da haihuwa, mu mu yanke? Malam, mi addini ya ce?

Malam na Zaure:
Hajiya, tambayarki ta malamai ce, kuma sun yi saɓani. A Risala, wadda duk muka karanta a zaure, an ce babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, an kuma hana a yi wa dawaki. Kin ga ashe hukuncin yana bin amfani da cutarwa. A kan haka wasu malaman wannan zamani suka halatta a yi wa mage idan yawansu ya zama cuta, da sharaɗin kada a azabtar da ita wurin aikin. Wasu sun ƙi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ba a tilasta masa, amma sai ya ɗauki nauyin duk abin da ta haifa, ya ciyar ko ya samar musu gida. Abin da babu saɓani a kansa shi ne ɗaure rai a buhu a jefa ruwa, ko a yar da jarirai ido rufe a rana. Ni a nawa ganin, tiyatar da aka yi cikin barci ta fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Amaryar Wadata:
Na gode Malam. Likita, ɗaya daga cikin ƴaƴan jikinsa da zafi kuma duk ƙuma. In ba shi rabin parasitamol, in fesa musu maganin sauro?

Likitan Dabbobi:
A'a, duka biyun kada ki yi. Parasitamol kisa yake yi wa mage, ko ɗan gutsure ne, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin sauro na feshi da maganin kaskar shanu ko na karnuka, da yawansu suna da sinadarin da ke sa mage karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Ga ƙananan, ki taje su da matsefi mai ƙananan haƙora kina tsoma ƙumar a ruwan sabulu, ki wanke tsumman da suke kwana ki shanya a rana. Mai zafin jikin a kawo shi a duba, ƙuma na shanye jinin jariri da sauri.

Ɗan Kabu-kabu:
Likita, in mutanen layi suka haɗu, za a iya zuwa a yi wa magensu allura gaba ɗaya? Ni zan iya ɗauko ma'aikacin a babur in mayar da shi.

Likitan Dabbobi:
Ana iyawa, kuma ya fi sauƙi, don akwai kwalbar da ke isar dabba 10. Ku sanar da mai unguwa, ku rubuta gidajen da ke so, ku je ma'aikatar kiwo a tsayar da rana. A zaɓi safiya, saboda maganin sai cikin sanyi ake riƙe shi. Kowa ya rufe tasa a ɗaki tun daren, in ba haka ba da ta ga baƙo za ta haye katanga. Wadda za a ɗauko daga wani gida a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji, ba buhu ba, kuma babba ya riƙe, kada a ba yaro. Karnukan layin ma a haɗa da su a ranar.